Ko Ya Dace Mai Bi Ya Ji Daɗin Labarin Yaƙi?

A 'yan shekarun nan littattafan labarin yaƙi sun yawaita a hannun samarinmu. Waɗansu na takarda ne, irin waɗanda ake bazawa a bakin hanya a Kano da Kaduna. Waɗansu kuwa a cikin wayar hannu ake karanta su. Kusan duka jirgi ɗaya ya kwaso su: ga wani soja, abokan gaba sun kewaye shi, harsashi ya ƙare, amma ya tsaya bai gudu ba. Yaron da ba ya iya zama na minti goma a kan Wasiƙa zuwa ga Romawa, sai ka ga ya kwana a kan irin wannan littafi har asuba. Saboda haka iyaye da malaman makarantar Lahadi suna ta tambaya, ko ya dace mai bin Almasihu ya ji daɗin labarin da cikinsa kisan mutane ne?

Waɗansu dattawa sun ce a hana kawai. Amma idan muka hana, tilas mu tsallake Littafin Joshuwa, da Mahukunta, da rabin Sama'ila, gama yaƙi ne ya cika su. Waɗansu kuwa sun ce ai tarihi ne, tarihi kuwa ilimi ne, ba ruwansa da zunubi. Wannan ma bai gamshe mu ba, domin mun san ba neman ilimi ke hana yaron barci ba. Daɗi yake ji. Bisa ga wannan daɗi ne muke so mu yi tunani tare da masu karatu.

Mu mutanen ƙasar Daura ba mu da bakin cewa labarin jarumi baƙon abu ne, gama da shi aka yaye mu. Kowane yaro ya san yadda aka ce Bayajida ya iso garin da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya roƙi ruwa, ta gaya masa ba a ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ran Jumma'a saboda macijin da ke ciki. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, ya ɗebi ruwa ya dawo. Rijiyar tana nan har yau, baƙi suna zuwa kallo. Ba aikinmu ba ne a nan mu rarrabe abin da ya faru da abin da baki ya ƙara. Abu biyu kaɗai muke so a lura da su.

Na fari, abin da ya sa aka riƙe sunan wannan mutum shi ne ruwa. Kafin zuwansa mata suna jiran kwana bakwai da tuluna a ƙafe. Bayansa kowa yana sha kullum. Da macijin yana can cikin daji ba ya hana kowa kome, da kashe shi bai zama labari ba. Watau kakanninmu sun auna jaruntaka da amfanin da ta jawo wa tsohuwa da jariri.

Na biyu kuwa, labarin ya ce da gari ya waye, Sarauniya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi aikin, sai maza suka fito kowa yana cewa shi ne. Da aka ce su kawo kan macijin sai suka yi tsuru-tsuru. Ashe tun wancan zamani an san da safe jarumawa sukan fi na dare yawa. Duk mai karatun littafin yaƙi ya kamata ya riƙe wannan a zuciya.

Bayan tatsuniya kuma ƙasarmu ta ga yaƙi na ainihi. Wajen shekara ta 1805, zamanin jihadi, Malam Isiyaku ya ci birnin Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka zauna a Zango da Baure. Kusan shekara ɗari ana zaman doya da manja, ga kuma ƙarfin Damagaram daga arewa, har shekara ta 1906 da Turawa suka mai da Malam Musa birni. Maroƙa sun adana kirarin mazajen wannan zamani na kowane gefe, da sunayen dawakinsu. Amma matar da aka kama a gona da goyo a baya, aka kai ta kasuwa, ba ta da kirari. Wanda yake so ya ji yadda hari yake ga mutanen ƙauye, sai ya nemi littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954. A ciki akwai labarin danginta da mahara suka kwashe, da yadda aka yi ta haɗa kuɗin fansa. Zamani ɗaya ne da na maroƙa, amma sai ka ce wata duniya ce dabam.

Yanzu bari mu zo ga yaƙin da kakanninmu na kusa suka je, wanda tsofaffi ke kira Yaƙin Bama. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, Ingila ta ɗibi soja fiye da dubu 100 a Nijeriya, da yawansu daga Arewa, gama tun farko Hausa ce harshen bariki. Waɗansu da son ransu suka shiga, saboda albashi da kaki. Waɗansu kuwa hakimi ne aka ce ya kawo mutum kaza, ya kawo. Akan rubuta kurtu da sunansa da sunan garinsu, shi ke nan. Aka kafa runduna ta 81 da ta 82 daga mutanen Nijeriya, da Gambiya, da Saliyo, da Gana wadda a lokacin ake kira Gwalkwas, aka ɗauke su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa Bama don su yaƙi Japan.

Runduna ta 81 ta shiga kwarin kogin Kaladan tun daga ƙarshen 1943. Ƙasa ce ta duwatsu da kurmin gora, babu hanyar mota. Da adda da diga suka sare hanya mai tsawon fiye da mil 70. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu da laima, sa'an nan dubban 'yan dako su ɗauka a kā, su hau dutse su gangara. Waɗannan 'yan dako soja ne su ma, suna cikin hatsari ɗaya da masu bindiga, ga zazzaɓi da atuni da matsattsaku da ruwan sama na wata da watanni. A 1944 aka sauke bataliya uku na Nijeriya a bayan dāgar Japanawa tare da mayaƙan da ake kira Chindit. A watan Janairu 1945 rundunonin biyu suka ci garin Myohaung. Wanda ya taɓa mamakin sunayen barikokinmu, irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Dodan da Myohaung a Ikko, to, daga can aka kwaso su. Da sojan suka komo, Malam Sa'adu Zungur na Bauci ya tarbe su da waƙarsa Maraba da Soja.

To, wa ya rubuta labarinsu? Galibi hafsoshin Turawa ne, da Ingilishi, domin mutanen Ingila. Waɗansunsu sun yi adalci ƙwarai. John Hamilton, wanda ya yi yaƙin tare da sojan Gambiya, ya buga littafinsa War Bush a 2001 domin ya ga manyan littattafan tarihin yaƙin sun rage wa runduna ta 81 daraja. Muna gode masa. Duk da haka a cikin yawancin irin waɗannan littattafai Bature yana da suna, da garinsu, da abin da ya yi tunani daren da aka kawo hari; baƙin soja kuwa akan ce “yarana”, ko a ba da adadinsu. Idan an ce an yi asarar mutum goma sha biyu, mai karatu yakan wuce zuwa layi na gaba. Amma mutum goma sha biyu gida goma sha biyu ne, mai yiwuwa ɗaya a Mai'aduwa, ɗaya a Sandamu, inda wata tsohuwa ta yi ta duban hanya har ta mutu. A wata maƙabarta kusa da Rangun an zana sunayen soja kusan dubu 27 waɗanda ba a san kabarinsu ba, a cikinsu akwai 'yan Nijeriya masu yawa. Daga danginsu ƙalilan ne suka taɓa sanin akwai wannan wuri.

Akwai littafi guda da muke so kowane saurayi mai jin Ingilishi ya karanta. Isaac Fadoyebo Bayarabe ne daga wajen Owo, ya shiga soja yana da shekara 16, aka sa shi aikin jiyya. A watan Maris 1944 Japanawa suka auka wa ƙungiyarsu a bakin kogin Kaladan, aka kashe da yawa, shi kuma harsashi ya ragargaza masa ƙafa, aka bar shi a kan ya mutu. Shi da wani soja ɗan Saliyo, David Kargbo, wani talaka Musulmi mai suna Shuyiman ya ciyar da su, daga baya ya ɓoye su a gidansa, har aka yi wajen wata tara kafin a cece su. Da Japanawa sun gane, da shi da iyalinsa sun hallaka. Fadoyebo ya rubuta labarinsa da kansa, aka buga a 1999. Daga baya wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, ya bi sawu har ƙauyen, ya kai wa 'ya'yan Shuyiman takardar godiya daga hannun Fadoyebo, ya kuma rubuta littafi mai suna Another Man's War a 2014, watau yaƙin wani. Fadoyebo ya rasu a 2012.

A dubi wannan labari da kyau. Wanda ya rubuta shi bai kashe kowa a ciki ba. Kwance yake, ƙuda na bin miki. Wanda ya fi kowa ƙarfin zuciya a ciki ba shi da bindiga, ba shi da kaki, kuma ba addininsu ɗaya da waɗanda ya ceta ba. Mu da muke zaune 'yan kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, muna shan rijiya ɗaya, bai kamata wannan ya wuce mu ba. Ubangijinmu ma da aka tambaye shi wane ne maƙwabci, Basamariye ya nuna.

Yaƙin basasa na ƙasarmu, daga 6 ga Yuli 1967 zuwa 15 ga Janairu 1970, shi kam 'yan ƙasa ne suka rubuta shi. 'Ya'yan ƙasar Daura sun je, sananne a cikinsu shi ne Muhammadu Buhari, wanda ya yi yaƙin yana ƙaramin hafsa, ya mulki ƙasa daga baya, aka binne shi a gidansa a Daura ran 15 ga Yuli 2025. 'Ya'yan ikkilisiyoyinmu na Arewa su ma sun je da yawa. Amma a nan aka sake yin irin ta safiyar Kusugu. Janar Obasanjo ya buga My Command a 1980 bisa ga yadda ya ja runduna ta uku har ƙarshen yaƙi. Bayan shekara 33 Birgediya Alabi-Isama, wanda ya yi aiki a wannan runduna, ya buga The Tragedy of Victory, babban littafi cike da hotuna, yana ƙaryata wurare da yawa na littafin farko. A ɗaya gefen kuma Alexander Madiebo, shugaban sojan ƙasa na Biyafara, ya ba da nasa a 1980. Ba mu da ikon raba gardamarsu. Abin da muka lura shi ne manya ne ke gardama a kan wa ya fi dabara, alhali kuwa ana ƙiyasta waɗanda suka mutu sun kai miliyan ɗaya ko fiye, yawancinsu yara da mata waɗanda yunwa ta kashe. Kisan da aka yi wa mazajen Asaba a watan Oktoba 1967 ya daɗe bai sami shiga littattafan masu nasara ba.

Ina Maganar Allah ta tsaya a cikin wannan? Sai mu buɗe Sama'ila ta Biyu, sura 23, gama a can akwai littafin jarumawa sosai. An jera mazajen Dawuda da ayyukansu: wanda ya yi ta sara har hannunsa ya manne wa takobi, da wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar gona ya kāre ta, da wanda ya shiga rami ya kashe zaki. Ruhu Mai Tsarki bai ji kunyar rubuta waɗannan ba, bai kuwa ɓoye sunayensu ba. Saboda haka ba za mu ce sha'awar ƙarfin zuciya zunubi ce ba. Allah ne ya sa ta a cikinmu, kuma al'ummar da ta daina girmama wanda ya tsaya domin waɗansu ta kusa lalacewa.

Amma a tsakiyar surar akwai wata rijiya. Dawuda yana ɓoye a kogo, Filistiyawa sun mamaye Baitalami garinsu, ƙishi da begen gida suka kama shi, ya yi fatar samun ruwan rijiyar da ke bakin ƙofar garin. Ba umarni ya bayar ba, bakinsa ne kawai ya suɓuce. Mutum uku suka ji, suka keta sansanin abokan gaba, suka ɗebo ruwan suka kawo masa. Dawuda kuwa ya ƙi sha. Ya tsiyaye shi a ƙasa hadaya ga Ubangiji, domin a ganinsa ruwan nan daidai yake da jinin mutanen da suka sai da ransu suka ɗebo shi.

A ganinmu amsar tambayarmu tana nan. Kowane labarin yaƙi na gaskiya ruwa ne da aka ɗebo ta tsakiyar sansanin mutuwa. Wanda ya kishingiɗa bayan tuwon dare yana kurɓarsa don daɗi, yana ɗokin a zo wurin da bindiga mai jigida za ta zubar da mutane, ya sha abin da Dawuda ya ji tsoron sha. Ana iya karɓar ruwan nan, ana iya girmama waɗanda suka kawo shi, har ma zuciya ta motsa. Amma gaban Allah ake kai shi. Mai karatu ya gwada kansa da wannan: sa'ad da ya rufe littafin, marmarin riƙe bindiga ya ƙaru a ransa, ko kuwa addu'a ce ta zo masa domin waɗanda ke bakin dāga da waɗanda suka bari a gida? Kowa ya san amsar da zuciyarsa ta ba shi.

Har wa yau surar ba ta ƙare ba. A karanta jerin sunayen har aya ta ƙarshe. Mutum 37 ne, na ƙarshensu kuwa Uriya Bahitte. Marubucin bai ƙara kome ba, ba ya kuwa bukata, gama mai karatu ya riga ya wuce sura 11. Ya san Dawuda ya ɗauki matar wannan mutum yana bakin yaƙi, ya kira shi gida don ya rufe laifin, Uriya ya ƙi kwana a ɗakinsa saboda 'yan'uwansa suna kwana a fili. Ya san sarki ya rubuta wa Yowab takarda a sa Uriya inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, ya kuma ba Uriya takardar ya kai da hannunsa. Ba shi kaɗai ya mutu ba, waɗansu soja sun fāɗi tare da shi domin abin ya yi kama da tsautsayin yaƙi. Sa'an nan Yowab ya zaunar da manzo ya koya masa yadda zai ba da labari a fada, abin da zai fara faɗi da abin da zai ajiye sai sarki ya husata. Dawuda kuma ya aika masa kada ya damu, haka yaƙi ya gāda.

Da a ce littafin fada kaɗai ya iso gare mu, da mun karanta cewa jarumi Uriya ya mutu yana fafatawa a gindin ganuwar Rabba, da kuwa samari sun yi ta sha'awa. Kowace kalma gaskiya ce, amma labarin ƙarya ne. Littafi Mai Tsarki ya ba mu jaruntakar, ya ba mu takardar da ke cikin aljihun jarumin. Littattafan kasuwa sukan ba da ta farin su bar ta biyun, domin ta biyun ba ta sayuwa. Mai bi idan yana karatu sai ya riƙa tambaya, wa ya aiki mutanen nan wurin nan, don me, kuma shi yana ina a ranar?

Ga wani abu kuma da ba a cika wa'azi a kansa ba. Dawuda ya yi yaƙoƙin da Allah ya ba shi nasara a cikinsu, duk da haka da ya so gina Haikali aka hana shi saboda yawan jinin da ya zubar (1 Tarihi 22:8). A cikin Littafin Ƙidaya 31:19 an umarci mayaƙan da suka komo da nasara su zauna bayan zango kwana bakwai suna tsarkakewa kafin su shiga cikin jama'a. A ƙarni na huɗu Basil, bishop na Kaisariya, bai lissafta kisan fagen fama daidai da kisankai ba, amma ya ba da shawara sojan da ya kashe mutum ya dakata da cin Jibin Ubangiji shekara uku. Ba muna cewa a mai da wannan doka a yau ba. Muna nuna cewa mutanen Allah tun dā sun san ko yaƙin da ya zama tilas yakan bar tabo a ran wanda ya yi shi. Tsofaffin soja sun fi mu sanin haka. Duk wanda ya yi aikin kiwon ikkilisiya inda akwai 'yan mazan jiya ya san waɗanda suka ga wuta sosai su ne ba su son maganarta. Za su ba ka labarin jirgin ruwa, da shinkafar Indiya, da wani saje mai ban dariya, amma in ka matsa kusa da ranar kanta sai su dubi ƙasa. Matansu ne suka san ihun da suke yi cikin barci. Mutanenmu sukan ce irin wannan ya taɓu, ko iskokin waɗanda ya kashe ne ke binsa. Likitoci yanzu sun san ciwo ne na zuciya da ƙwaƙwalwa, yana kuwa da magani.

Wani zai ce, “Malam, wannan magana za ta karya zuciyar samari, ga shi kuwa ƙasa tana bukatar soja.” Gaskiya ne tana bukata. Tun 2009 ake yaƙi a arewa maso gabas, ga 'yan bindiga sun addabi ƙauyuka a yammacin Jihar Katsina, kuma in mun yi barci lafiya, wani ne ya kwana a tsaye. Yohanna Mai Baftisma bai ce wa sojan da suka zo wurinsa su tuɓe kaki ba. Ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya ce albashinsu ya ishe su (Luka 3:14). Ba'al'umme na fari da Bitrus ya yi wa baftisma, Karniliyus, hafsan soja ne. Ba mu hana ɗanmu shiga soja. Amma wanda ya shiga domin littafi ya gaya masa yaƙi wasa ne na maza, ran da ya ga hanjin abokinsa a ƙasa zai ga an ruɗe shi, irin wannan kuwa shi ne yakan gudu, ko ya huce a kan talakan da ba shi da laifi. Wanda aka gaya wa gaskiya tun a gida, ya shiga da saninsa domin ya tsare rijiyar mutane, shi ya fi tsayawa, shi ya fi kuma jin tausayin wanda ya ɗaga hannu. Ko Ahab, mugun sarki, ya san bai kamata mai ɗaura kayan yaƙi ya yi fahariya irin ta mai kwance su ba (1 Sarakuna 20:11).

Wani kuma daga ɗaya gefen zai ce mun yi sassauci, gama Yesu ya umarce mu mu ƙaunaci maƙiyanmu, ya kuma sa Bitrus ya mai da takobi kube. Masu bi na kirki sun rabu a kan wannan tun zamanin dā, har akwai ikkilisiyoyi a ƙasarmu, kamar ta 'Yan'uwa a arewa maso gabas, waɗanda asalin koyarwarsu ƙin ɗaukar makami ne, sun kuwa sha wuya ƙwarai a hannun Boko Haram. Ba mu raina su ba ko kaɗan. Abin da umarnin nan ya wajabta a kan mai karatu, ko yana wane gefe, shi ne kada ya yi murna da gawar maƙiyi. Sojan Japan da ya mutu da yunwa a kurmin Bama yana da uwa. Yaron Biyafara da aka ba bindiga yana da shekara goma sha biyar, mai yiwuwa a cikin ƙungiyar mawaƙa yake a ikkilisiyarsu, yana rera waƙoƙin da muke rerawa da wani harshe. Littafin da ya mai da su kamar fārin da ake kashewa a gona yana koya wa mai karatu wani hali, kuma halin nan ba ya tsayawa a cikin littafi. Mun ga inda yake kaiwa a rikice-rikicen garuruwanmu.

Saura abu guda, shi kuwa aiki ne. Muna kukan waɗansu sun rubuta labarin kakanninmu ba da bakinsu ba, alhali mu ma ba mu rubuta ba. Mutanen Bama sun kusa ƙarewa, gama wanda ya tafi yana da shekara 18 a 1943, a 1925 aka haife shi. Na yaƙin basasa suna nan tukuna a cikin ikkilisiyoyinmu da unguwanninmu, Kirista da Musulmi, amma wanda yake da shekara 20 a 1967 yanzu tsoho ne mai sanda. Muna roƙon shugabannin matasa su zaɓi mutum biyu biyu masu natsuwa, su sayi littafin rubutu na makaranta, su je gaisuwa. A rubuta da Hausa, yadda tsohon ya faɗa, kada a gyara masa. A tambaye shi yadda aka yi ya shiga, da abin da ya ci, da wanda ya taimake shi, da sunayen waɗanda ba su komo ba da garuruwansu. A nemi izini a ji daga bakin uwargida kuma, yadda ta riƙe gida, da irin mutumin da ya komo mata. Sunayen da aka samu a ba mai kula da ikkilisiya ya karanta su a sujada ran Lahadin da ta fi kusa da 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, baikon ranar kuma a raba wa gwaurayen soja da marayunsu. In kuwa ana cikin hira tsohon ya yi shiru, kada a matsa masa. A rufe littafin, a yi addu'a tare da shi idan ya yarda, a ce za a komo wani mako.